Sirdin da Aka Bar wa Maitama

Maitama mutumin Dayi ne, manomi ɗan manomi. Tun daga kakansa har ubansa babu wanda ya taɓa ɗaure doki a gidansu. In tafiya ce ƙafa, in kaya ne jaki. Gonarsa tana gabas da gari, dawa a kan tudu, auduga a gangare, kuma abin da yake samu yana isarsa shi da matarsa Sabuwa da ɗansu Shitu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Abin da aka fi saninsa da shi tun yana saurayi shi ne, in ka ba shi aron fartanya sai ya wasa ta kafin ya mayar maka, in ƙotar tana motsi ya ɗaure ta.

A zamanin nan da ake ciniki da wuri, ayarin fatake kan ratsa ta Dayi tsakanin Zazzau da Katsina. Wata shekara da bazara wani ayari ya sauka, gidan mai gari ya cika, aka rarraba sauran baƙin a gidajen talakawa. Maitama ya sami wani dogon mutum mai fara'a da yawan surutu, sunansa Malam Abdussamad, yana da jakai ɗauke da tufafi da wani jan doki da ya ɗauko ciwo a kurmin kudu. Dokin ya ƙi cin ciyawa, ya ƙi shan ruwan kanwa, kafin ayari ya gama hutawa ya kwanta bai tashi ba. Aka ja shi bayan gari. Ranar tashi Malam Abdussamad ya ɗaure kayansa a kan jakai, ya tsaya yana duban sirdin da ke jingine a zaure, sannan ya ɗauko shi ya miƙa wa mai masaukinsa.

Ya ce, "Malam Maitama, riƙe mini wannan amana. In na juyo da kaka zan karɓa. Fata ce, ba ta son rana, ba ta son ruwa."

Maitama ya karɓa da hannu biyu. Bai taɓa riƙe sirdi ba sai ran nan. Itace ne aka lulluɓe da jar fatar akuya, an yi masa ado da siririn ɗinki kore a gaba da baya, likkafunsa na baƙin ƙarfe, wurin da cinya ke gogawa ya yi duhu. Ayari ya wuce, ƙurarsa ta kwanta, shi kuwa yana tsaye da sirdi a ƙirji bai san inda zai ajiye shi ba.

A ƙasa akwai gara. A zaure awaki na shiga. Ya rataye shi kusa da madafa, ya ga hayaƙi zai busar da shi, ya sauke. Daga ƙarshe ya kafa turaku biyu a cikin ɗakinsa, ya gitta itace, ya ɗora sirdin kamar yana kan doki, ya zuba toka a gindin turakun don gara. Da ya ga fatar ta fara bushewa sai ya sayo man shanu wurin Fulani ya shafa mata, tun da a saninsa babu man da ya fi shi daraja. Ɓeraye ma haka suka gani. Wata safiya ya tarar sun ci bakin majayi, wato ɗamarar da ake zagayo cikin doki da ita. Ran nan Maitama bai sha kunu ba. Ya ɗauki majayin ya tafi Malumfashi a ƙafa ya sami wani baduku a rumfarsa, ya yi masa bayani kamar mai kai rahoton mara lafiya. Badukun ya ɗinke wurin, ya ce ya bar man shanu ya koma man kaɗanya, ɗan kaɗan a tsumma, a inuwa. Ya ce ya riƙa fara goge ƙura da tsumma mai ɗan laima, ya bari ya sha iska, sannan mai. In ruwa ya taɓa shi kada ya kai shi rana, kada ya kai shi bakin wuta, ya bar shi ya bushe da kansa.

Maitama ya dawo da wannan karatu, ya kuma dawo da 'yar kyanwa a cikin jaka. Sabuwa ta daɗe tana roƙon a samo kyanwa saboda ɓerayen rumbu, yana cewa za a duba. Ta ga kyanwa, ta ga ɗakin da aka kai ta, ta koma ga aikinta.

Kaka ta zo, aka yanke dawa, aka tsinci auduga, ayarai suka sauko daga arewa. Babu Malam Abdussamad. Maitama ya riƙa zuwa zango duk sa'ad da ya ji kukan jakai, yana bin fatake da tambaya. Wani ya ce ya gan shi a Kano. Wani ya ce ya bi ayarin goro zuwa Gwanja. Wani ya ce ai dogon nan mai surutu ya rasu a ƙasar Nufe, wani da ke kusa ya ce wancan wani dogon ne. Maitama ya kai maganar wurin limamin gari. Liman ya ce in mai kaya yana raye kayansa ne, in ya mutu na magadansa ne. Da aka tambayi inda magadan suke, liman ya ce Allah ne masani. Maitama ya ga magana ta fito fili, ya koma gida ya ci gaba da gogewa.

Haka ya shiga rayuwar da aka san shi da ita. Kowace Juma'a da hantsi, kafin ya yi wanka, yakan fito da sirdin ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya bi shi lungu-lungu. Yana da tsinke na musamman don ƙurar da ke maƙalewa a ɗinki. Likkafu yana goge su da yashi mai laushi kada tsatsa ta taɓa fata. Da damina in ya ga farin hunhuna ya fara fitowa sai ya share shi, ya buɗe ƙofa iska ta ratsa. Shekarar da rufin ɗakin ya fara yoyo, ya hau ya gyara gefen da sirdi yake tukuna, ya ce na wajen gado sai an sami sarari. Wani zanen saƙi da ya sayo wa Sabuwa ya kwana biyu a jikinta, ya ce ta ara masa ya rufe sirdi kafin ya samo wani, aron bai dawo ba. Man kaɗanyar da take kaɗawa da wahalarta kuwa, rabinsa a can yake ƙarewa, ƙafafunta suna faso da rani fatar sirdi tana sheƙi.

Wata rana tana zaune tana kallonsa yana shafa mai, ta ce, "Malam, da ma ni ma wani baƙo ne ya bar maka ni amana."

Maitama ya ɗaga kai ya dube ta da gaske, ya ce ai ita tasa ce, ba wanda zai zo ya tambaye shi ya ta kwana. Ya mayar da kai ga aikinsa. Sabuwa ta ba maƙwabta wannan labari shekara da shekaru, kullum tana dariya, amma ba kullum dariyar ke kai ciki ba.

Mai gari ya taɓa aikowa a ba shi aron sirdin, ɗansa zai raka wani babban baƙo. Maitama ya je da kansa, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya ce in jakinsa ake so ko rumbunsa ga su, amma sirdi ba nasa ba ne. Mai gari ya ce madalla da mai amana. A daminar nan duk gayyar da aka kira a gonar mai gari sunan Maitama ne farko, kuma kunyar da ta fi wuyar noma ita ake nuna masa. Ya nome bai yi gunaguni ba. Daga lokacin ne yara suka fara kiransa Maitama Sirdi, manya suka hana su, sannan su ma suka ɗauka.

Maƙwabcinsa na gona wani Bamaguje ne mai suna Maikuɗi, ƙaton mutum mai rumbuna da yawa da murya kamar ganga. Yana da goɗiya, yana hawanta da buzun akuya kawai, ƙafafunsa na lilo. Kullum suka haɗu a iyakar gona sai ya kawo shawara ɗaya: shi yana da abin hawa babu sirdi, Maitama yana da sirdi babu abin hawa, me zai hana a haɗa su aure, yau wannan ya hau gobe wancan? Maitama ya ce gumin dabba yana cin fata. Maikuɗi ya ce shi bai taɓa jin an yi sirdi don a ɗora wa turaku ba. Suka yi ta wannan gardama har ta zama gaisuwarsu.

Akwai shekarar da mahara suka sauko daga arewa. Da rana tsaka wani makiyayi ya shigo gari a guje yana cewa ga dawakai can. Kowa ya ɗebi abin da zai iya ya nufi duwatsu. Sabuwa ta ɗauki ƙwaryar gari da tukunya ɗaya, ta ja hannun Shitu, ta ce wa mijinta ya kwance awaki ya koro su. Da suka isa mafaka ta waiwaya, sai ga shi yana haki da sirdi a ka, an rufe shi da zane tsaf, likkafu an ɗaure su kada su yi ƙara. Awaki kuwa suna can a turke. Mutanen wasu ƙauyuka da ba su san shi ba suka riƙa yi masa jaje, suna tambaya a ina aka ƙwace dokin. Da aka koma gari babu akuya ko ɗaya. Maitama ya ce awaki nasa ne, abin da ya same su shi ya samu, amma kayan mutane fa? Sabuwa ta yi kwanaki ba ta yi masa magana sai abin da ya zama dole.

Sai dai abin bai tafi a banza duka ba. Mutane suka lura babu fatar da ta kai ta gidan Maitama lafiya, suka fara kawo masa nasu: takalmin da ya ƙandare, gafakar malami da ta tsage, jakar da hunhuna ya kama, linzamin matafiyi da ruwa ya doka. Yana gyarawa yana faɗa, don a nan ne kaɗai bakinsa ke buɗewa. Sai ya juya takalmin mutum a hannu ya tambaye shi me wannan bawan Allah ya yi masa da zai bar shi a rana. Ana ba shi dawa, ana ba shi kaza, wani ya kawo ɗan akuya. A hankali turken da mahara suka share ya sake cika.

Shekaru suka tafi. Shitu ya yi aure ya ja nasa sashen, gemun Maitama ya yi fari. Wata kaka auduga ta yi kyau ƙwarai, aka ce masaƙan Maska suna nema, suka ɗora wa jakai shi da Shitu suka bi ta Malumfashi suka yi kudu. Maitama bai taɓa zuwa Maska ba. Bayan sun sauke kaya ya shiga kasuwa yana kallon rumfunan dukawa, sai ya ji wata murya tana ba da labari a rumfar masu kanwa, ana ta dariya. Ya tsaya cik. Mai maganar tsoho ne mai tumbi, haƙoransa sun zube saura kaɗan, mutane suna kiransa Baba Mai Kanwa. Amma muryar ba ta tsufa ba.

Maitama ya matsa ya yi sallama, ya tambaya ko shi ne Malam Abdussamad. Tsohon ya yi mamaki, ya ce rabon da a kira shi da wannan suna tun kafin ya yi aure a garin nan. Ashe tun shekarar da ya bar Dayi ya juyo ta wata hanya, ya sauka a Maska, ya ga wuri ya zauna, bai sake fatauci ba. Duk shekarun da Maitama ya yi yana tambayar mutanen Gwanja da Nufe, mutumin yana nan tafiyar 'yan kwanaki yana auna kanwa.

Tsohon ya ce, "Dayi, Dayi. Ba nan ne jan dokina ya mutu ba? Allah sarki. Dokin nan ɗan kirki ne, ban sake samun irinsa ba."

Maitama ya ce, "Nan ne, Malam. Ni ne mai masaukinka. Amanarka tana nan lafiya, ko ɗinki ɗaya bai kwance ba, sai bakin majayi da ɓera ya taɓa, shi ma an gyara tun a shekarar."

"Wace amana?"

"Sirdin."

Tsohon ya yi ta lalube a cikin kansa, sannan ya fashe da dariya har da tari. Ya ce wannan sirdin ai mugu ne, cizo yake. Wanda ya sassaƙa itacensa ya bar wani tudu a ciki, in ka yi tafiyar hantsi a kansa sai ka kwana a kife. Ya bar shi ne don jakai ba su da wurin ɗaukarsa, kuma ya ji kunyar ya yar da shi a ƙofar mutumin da ya ciyar da shi. Maitama ya tuna masa cewa da bakinsa ya ce amana.

"Na ce haka? To in na ce, na janye. Naka ne, halak malak, ga shaidu." Ya ɓare goro ya miƙa masa rabi, ya juya ga masu sauraro ya fara ba su labarin dokin.

A hanyar komawa Maitama ya sa jakai gaba, kansa a sunkuye. Shitu ya ɗauka fushi yake, amma ba fushi ba ne. Ji yake kamar wanda ya daɗe yana tura ƙofa da ƙarfinsa aka buɗe ta daga ciki. Da suka isa gida Shitu ne ya gaya wa uwarsa. Sabuwa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana share hawaye da bakin zane. Da ta dubi fuskar mijinta sai ta tashi ta dama masa fura.

Labari ya zagaye gari, kuma kowa abu ɗaya yake jira. Maikuɗi, wanda shi ma ya tsufa amma muryarsa tana nan, ya jawo wata goɗiya, jikar waccan ta da, ya ɗaure ta a ƙofar Maitama, ya ce yanzu kuma wane dalili ya saura? Babu. Ranar kasuwar Malumfashi aka fito da sirdi, rabin gari ya taru. Goɗiyar ba ta taɓa jin majayi a cikinta ba, ta yi ta harbin iska sai da mutum uku suka riƙe ta. Aka kifa turmi, Maitama ya taka ya hau, mata suka yi guɗa.

Tun kafin ya fita gari ya gane cewa man da aka yi shekaru ana shafawa ya yi aikinsa. In goɗiya ta hau tudu sai ya zame baya, in ta gangara ya zame gaba. A gangaren rafi ya zame har wuyanta, daga nan ya sauka a kan yashi ba tare da ya yi niyya ba. Ya tashi, ya fara duba sirdi, sannan ya duba gwiwarsa. Ya sami kututture ya sake hawa. Bai yi nisa ba ya fara jin abin da Baba Mai Kanwa ya faɗa, a daidai inda ya faɗa. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya miƙe a kan likkafu har ƙafafunsa suka yi rawa. Bai kai Malumfashi ba. Da la'asar aka gan shi ya dawo a ƙasa yana jan goɗiya, yana tafiya a wawware, ya tuɓe rigarsa ya rufe sirdi saboda hadari ya taso.

Maikuɗi ya tambaye shi yaya ya ji. Maitama ya ce, "Sirdi ne na gaske. Ba kowa ne zai iya zama a kansa ba."

Daga ranar bai ƙara hana kowa aro ba. Ɗan mai garin nan da aka taɓa hanawa, wanda yanzu shi ne mai gari, shi ya fara aikowa. Ya hau ya je ya dawo, ya mayar da sirdi da godiya mai yawa da kwandon dawa, aka lura kwana biyu yana sauraron ƙara a tsaye. Bayansa duk mai doki a Dayi da kewaye ya ara sau ɗaya. Babu wanda ya ara sau biyu, kuma babu wanda ya iya duban tsohon ya gaya masa dalili. Kowa sai ya ce bai taɓa ganin fata mai laushi haka ba, wanda kuma gaskiya ne. Ta haka sirdin ya yi suna har Matazu a matsayin wanda babu kamarsa a ƙasar. Maikuɗi kaɗai ne bai ɓoye ba: ya hau, ya zagaya gonarsa, ya sauko ya ce a miƙo masa buzunsa. Ya ba da shawara a kai wa masassaƙi ya kankare tudun. Maitama ya tambaya ta ina masassaƙin zai kai ga itacen. Aka ce sai an farke fata. Ya ce to a bar maganar.

Ya rayu shekaru bayan haka, idonsa ya rage gani amma hannunsa ya san hanya. Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya, mutane da yawa suka zo jana'iza har daga ƙauyukan Maguzawa. Da aka raba gado sirdi ya faɗa hannun Shitu, wanda cinikin auduga ya karɓe shi har ya sayi doki. Ya kai sirdin Malumfashi. Baduku ya farke ɗinki, masassaƙi ya kankare tudun, aka mayar da fata aka ɗinke, duk kafin azahar. Shitu ya hau shi rani da damina tsakanin Dayi da Maska, ya ce bai taɓa zama a kan abu mai daɗinsa ba. Daga baya da ya so ƙara jakai, ya sayar da dokin da sirdinsa ga wani mutumin Matazu. Mai sayen ya shafa fatar, ya tambaya ko akwai wata kulawa ta musamman da ake yi mata. Shitu ya ce babu, a dai shafa mata mai in an tuna.